Joe Heaney: mawaƙin da ya ɗauki waƙar ƙauyensu ya tafi da ita inda ba a jin yarensa

A wani dogon bene da ke gefen Central Park a birnin New York, an yi shekaru ana ganin wani dogon mutum mai kaurin murya sanye da kayan aiki, yana buɗe wa masu kuɗi ƙofa yana karɓar saƙonsu. Yawancin masu shiga da fita ba su san cewa mai gadin nan nasu yana cikin manyan mawaƙan baka da ƙasar Ayilan ta haifa a ƙarni na 20 ba. Sunansa Joe Heaney. A yaren iyayensa, wato Gelik, tsohon yaren Ayilan, Seosamh Ó hÉanaí ake rubutawa, mutanen ƙauyensu kuwa Joe Éinniú suke ce masa. An haife shi a watan Oktoba na 1919 a yankin Carna da ke Connemara, a gaɓar teku ta yammacin Ayilan, ya rasu ranar 1 ga Mayu 1984 a Seattle, can ƙuryar yammacin Amurka.

Kafin a gane yadda mai irin wannan baiwa ya ƙare a bakin ƙofar wasu, sai an fara gane irin waƙar da yake yi, domin ba ta kama da abin da kunnenmu ya saba kira waƙa ba.

Sunanta sean-nós, wato tsohon salo. Mutum ɗaya ne yake yinta, da muryarsa kaɗai. Babu ganga, babu garaya, babu 'yan amshi, babu tafi. Mu da muka taso muna jin makaɗi da mataimakansa suna karɓa masa, abin zai zo mana baƙo. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne muryar mace ita kaɗai a bakin dutsen niƙa. Mawaƙin ba ya ɗaga murya don ya nuna baƙin ciki, ba ya sassauta ta don ya nuna tausayi. Ƙarfin muryar kusan ɗaya ne daga fari har ƙarshe. Gwanintar tana cikin yadda yake lanƙwasa gaɓa ɗaya ta kalma, ya yi mata ado da ƙananan juye-juyen murya, ya ja ta ko ya datse ta, kuma baiti na biyu ba zai zo da adon baiti na farko ba. Salon Connemara, inda Heaney ya fito, shi ya fi yawan wannan ado. Na Donegal da ke arewa ya fi sauƙi da miƙewa, na Munster da ke kudu kuma yana da nasa faɗin murya.

Heaney yana yawan gaya wa ɗalibansa cewa waƙar ba ta da bugu irin na kiɗa, tana da bugu irin na jijiya. Yana kuma maganar wani sauti da yake kira neá, wani ɗan gunji ta hanci da mawaƙi ke riƙewa a ransa tun kafin ya buɗe baki, ya bi ta ƙarƙashin waƙar kamar zaren da aka shirya tsakiya a kai. Masana sun yi ta muhawara a kan ko wannan tsohuwar koyarwa ce ko kuwa Heaney ne ya ba abin suna don ya samu hanyar bayani. Za mu dawo kan wannan, domin nan ne gishirin maganar yake.

A Gelik ɗin su Heaney ba a cika cewa mutum ya rera waƙa ba. Cewa ake yi abair amhrán, wato faɗi waƙa. Wannan kalma ɗaya ta tattara fahimtar mutanen: waƙa labari ce, kalmomin su ne gaba, karin murya bawansu ne. Kuma kowace babbar waƙa tana da abin da suke kira údar, wato dalilin da ya sa aka yi ta: wa ya mutu, wa ya ci amanar wa, a wane gari, a wace shekara. Waƙar kanta sau da yawa ba ta ba da labarin a jere. Tana tsallake abin da ya faru ta tsaya a kan raɗaɗinsa, saboda ta ɗauka duk wanda ke zaune a ɗakin ya riga ya sani.

Misali ɗaya ya isa. A watan Satumba na 1828 wani tsohon kwalekwale ya taso daga Anach Cuain a tafkin Corrib, ɗauke da mutane da tumaki za su kasuwar Galway. Yadda ake ba da labarin, tunkiya ce ta burma katakon ƙasan jirgin da ƙafa, wani ya cusa rigarsa don ya toshe ramin, sai katakon ya fita gaba ɗaya. Kusan mutum 20 suka nutse, yawancinsu samari da 'yan mata, ga gaɓa ana hangowa. Makahon mawaƙi Antoine Ó Raifteirí ya yi musu waƙar makoki, kuma tana cikin waɗanda Heaney yake yi. Wanda ya san labarin tunkiyar da rigar, ya san ana hango tudu lokacin da ruwa ya ci su, shi ne zai ji nauyin kowane baiti. Wanda bai sani ba, murya mai daɗi kawai zai ji.

To a ina ake faɗin waɗannan waƙoƙi? A ɗakin girki, da dare, a gaban murhu, lokacin sanyi da dare ke tsawo. Maƙwabta su taru, a yi tatsuniya, a yi waƙa. Mawaƙi yakan zauna a lungu, wani lokaci ya juya fuska ga bango ko ya ja hula ta rufe idonsa, don kada a kalle shi a bar waƙar. Wani daga cikin masu sauraro yakan kama hannunsa yana juya shi a hankali, kamar mai juya marfin niƙa, har waƙar ta ƙare. Tsakanin baiti da baiti a ce masa Dia leat, Allah ya kasance tare da kai. Ba a biyan kowa. Mawaƙin masunci ne ko manomi kamar kowa, gobe da asuba zai fita neman abinci.

Carna ƙasa ce ta duwatsu da fadama da iskar teku, gonakinta ƙanana, ba sa ciyar da gida sai an haɗa da su da kamun kifi da kwasar ciyawar teku. Amma ta fuskar magana attajira ce. Da aka kafa hukumar tattara al'adun baka ta Ayilan a 1935, wannan yanki yana cikin wuraren da ma'aikatanta suka fi samun abin rubutawa. A 1938 wani mai tatsuniya na wannan ɓangare, Éamon a Búrc, ya ba da labari guda wanda ya ɗauki dare uku ana naɗa, kalmominsa sun kai wajen 30,000. Séamus Ennis, ma'aikacin hukumar da ya yi ta zagaya yankin a kan keke a shekarun 1940, ya rubuta waƙoƙi da kaɗe-kaɗe sama da 200 daga bakin mutum ɗaya, Colm Ó Caodháin, wanda ɗan'uwan su Heaney ne. A cikin wannan ruwa Heaney ya yi wanka tun yana yaro. Mahaifinsa mawaƙi ne. Ana cewa shi kansa ya riƙe waƙoƙi wajen 500 a ka, na Gelik da na Turanci.

Na Turancin suna buƙatar ɗan bayani, domin akwai masu zaton mawaƙin gargajiya na Ayilan da Gelik kaɗai yake waƙa. Tsofaffin waƙoƙin labari na Ingila da Sikotilan, irin waɗanda malamin jami'ar Harvard Francis James Child ya tattara guda 305 a ƙarshen ƙarni na 19, sun daɗe da tsallaka ruwa. 'Yan ci-rani sun dawo da wasu, wasu kuma an saye su a takarda a kasuwa. Wasu har sun shiga Gelik suka zama 'yan gida. Heaney yana da labarin saurayin nan da aka ba guba a abinci, yana kwance ana tambayarsa abin da zai bar wa kowa, wanda Turawa suka sani da Lord Randal, kuma da Gelik yake yinsa. Idan ya juya ga Turanci ma, bai sauya salo ba. Adon muryar Connemara yake ɗora wa kalmomin Ingilishi, shi ya sa ko Baturen Landan ya ji, ya san ba daga garinsu waƙar ta fito ba.

Yanzu ga inda matsalar take. Yaren da waƙar ke zaune a cikinsa yana ja da baya tun kafin a haifi Heaney. Makarantun gwamnati da aka kafa daga 1831 da Turanci suke koyarwa. Babbar yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutum wajen miliyan 1, wani miliyan ɗin ya yi hijira, kuma masu jin Gelik na yamma su abin ya fi ci. Iyaye suka ga cewa ɗan da zai tafi Boston ko Glasgow, Turanci ne guzurinsa. Gelik ya zama alamar talauci a idon masu shi. Da aka kafa ƙungiyar farfaɗo da yaren a 1893, da gasar Oireachtas ta waƙa da adabin Gelik a 1897, da kuma samun mulkin kai a 1922, an ɗaga darajar yaren a takarda da bakin 'yan siyasa. Amma mutumin birni da ya koyi Gelik a aji yakan fi son a tsabtace waƙar, a sa mata fiyano, a rera ta yadda ake yi a coci. Muryar ɗan ƙauye mai fita ta hanci, tana jan baiti goma sha biyar ba kiɗa, kunya take ba shi. Ƙasa tana alfahari da waƙar, tana ƙyamar mai ita.

Heaney ya faɗa tsakiyar wannan. Yaro ne mai kai, ya ci tallafin karatu zuwa makarantar share fagen malanta a Dublin, amma bai kammala ba, ya dawo gida. A 1942 ya ci gasar Oireachtas, a 1955 kuma ya karɓi lambar zinariya. Lambar ba ta sayen burodi. A 1947 ya bi sahun dubban samarin yamma ya tsallaka Sikotilan, ya yi aure a Clydebank kusa da Glasgow, ya shiga aikin lebura a wuraren gini a can da Ingila.

Akwai abin da masu yabonsa suka daɗe suna kewayewa, kuma bai kamata a kewaye shi ba. Heaney ya bar matarsa da 'ya'yansu ya tafi, ya yi shekaru ba su ji ɗuriyarsa ba. Matar ta rasu a tsakiyar shekarun 1960, yaran suka tashi ba uba. Mutumin da zai tsaya gaban jama'a ya faɗi kukan uwa a kan ɗanta har mutane su share hawaye, shi ne kuma wannan. Ba na ganin baiwar ta wanke laifin, ba na kuma ganin laifin ya soke baiwar. Dukansu nasa ne, kuma shi kansa bai cika yarda a taɓo zancen ba.

Abin da ya buɗe masa hanya shi ne guguwar farfaɗo da waƙoƙin gargajiya da ta taso a Ingila da Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Kamfanin Gael Linn na Dublin ya naɗi muryarsa a faifai, kamfanin Topic na Landan ya fitar masa da babban faifai a 1963. A Landan ya shiga da'irar mawaƙan gargajiya Ewan MacColl da Peggy Seeger, waɗanda suka zaunar da shi a 1964 suka yi masa doguwar hira a kan yadda yake waƙa; an fitar da ita shekaru da yawa bayan rasuwarsa. A Dublin kuma mashayar O'Donoghue ce dandalinsu, shi da mawaƙan ƙungiyar The Dubliners da na gidan Clancy.

A nan aka yi wani abu mai ban dariya da ban haushi. The Dubliners suka karɓi wata waƙar barkwanci daga wurinsa, ta wani mashayi da ke dawowa gida kowane dare ya tarar da alamar wani namiji, matarsa tana yi masa wayo. Suka sa mata jita da banjo suka fitar a 1967 da sunan Seven Drunken Nights. Gidan rediyon gwamnatin Ayilan ya hana sa ta, wai ta yi batsa, duk da cewa dare biyar kawai suka naɗa cikin bakwai. Hanin ya zame mata talla, ta hau har mataki na 7 a jerin faifan da suka fi kasuwa a Birtaniya. Su suka yi suna a duniya. Wanda ya ba su waƙar yana New York yana buɗe ƙofa.

Ya fara zuwa Amurka ne a 1965, aka gayyace shi bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, shekarar da Bob Dylan ya hau dandali da jitar lantarki jama'a suka rabu biyu. Ba da jimawa ba ya koma can da zama.

Amurka ce ta mai da shi abin da aka san shi da shi yau, kuma ta hanyar da ba a zata ba. A Carna ba ya buƙatar ya yi wa kowa bayani. Kowa ya san wanda ya nutse. A gaban ɗaliban jami'a a Connecticut ko Seattle, babu mai jin kalma ɗaya ta Gelik, babu wanda ya taɓa ganin kwalekwalen fata, babu wanda kakarsa ta ba shi labarin yunwa. Ɗakin girkin da waƙar ta dogara da shi babu shi. Sai Heaney ya shiga gina ɗakin da baki. Kafin kowace waƙa zai ba da údar ɗinta, ya fassara baitocin, ya kwatanta murhu da duhun dare da yadda ake kama hannun mawaƙi, ya faɗi abin da kakarsa ta ce. Wani lokaci bayanin ya fi waƙar tsawo. Aikin da dā jama'ar ƙauye gaba ɗaya suke yi da saninsu, ya koma wuyan mutum ɗaya.

Wannan ya sa shi ya zama mawaƙin sean-nós da aka fi naɗar bayaninsa. Kalmomin da ɗalibai a duniya ke amfani da su yau idan suna maganar wannan salo, bugun jijiya da neá da sauransu, da yawansu daga bakinsa suka fito. Nan kuma ake samun saɓani. Masu nazarin da suka bi naɗe-naɗensa sun lura cewa labarin waƙa ɗaya yakan sauya daga wannan zama zuwa wancan, yakan ƙara gishiri, yakan ba wa waƙar soyayya fassarar siyasa idan ya ga masu sauraro za su fi so, yakan kuma zana Carna ta yarintarsa kamar wurin da zamani bai taɓa shiga ba. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni ina ganin wanda ya taso cikin masu tatsuniya, idan aka sa shi gaban baƙi aka ce ya yi bayani, da kayan aikin mai tatsuniya zai yi. Kuskuren na wanda ya ɗauki maganar mawaƙi ɗaya ya mai da ita dokar al'umma ne. A Connemara akwai mawaƙa da yawa a zamaninsa, maza da mata, waɗanda ba su bar gida ba, ba su kuma taɓa jin buƙatar sa wa abin da suke yi suna ba. Nasu salon bai zama ƙasa da nasa ba don ba a ɗora su gaban makirufo a Seattle ba.

Wani abin da ya ɗauko daga gida ya kai dandali shi ne waƙoƙin addini na Kiristocin yankin, musamman makokin da aka sa a bakin Maryamu a kan ɗanta, Caoineadh na dTrí Muire. Irin waɗannan a hannun mata suka fi zama, a cikin gida, kusa da tsohuwar al'adar kukan mamaci da limaman coci suka daɗe suna yaƙa. Ta bakin Heaney ne yawancin 'yan Ayilan na birni suka fara jin ta, har ta shiga coci-coci lokacin azuminsu. Namiji ne ya fito da kayan mata, sunansa ne kuma ya manne da su. Wannan ma wani abu ne da zamanin faifai ya saba yi.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da girmamawar da ya daɗe yana ƙorafin ba a yi masa a gida ba. John Cage, mai tsara kiɗan zamani wanda ba ya bin ƙa'idar kowa, ya sa muryarsa a cikin aikinsa Roaratorio na 1979, wanda ya gina a kan littafin ƙarshe na marubucin Ayilan James Joyce. Heaney ya bi shi har manyan dandalin Turai yana faɗin waƙoƙin Carna cikin hayaniyar sautuka ɗari. Ya koyar a jami'ar Wesleyan, daga baya jami'ar Washington da ke Seattle ta ɗauke shi. A 1982, shekarar farko da gwamnatin Amurka ta fara ba da lambar girmamawa ta ƙasa ga gwanayen fasahar gargajiya, yana cikin mutum 15 da aka zaɓa. Shekara biyu bayan haka ciwon huhu ya kashe shi. Aka ɗauko gawarsa a jirgi aka kai Carna aka binne.

Me ya rage? Ɗaliban Seattle sun adana kaset-kaset na darussansa, jami'ar ta riƙe su, yanzu kuma an zuba da yawansu a intanet tare da rubutun kalmomin da fassara, kyauta ga mai so. An rubuta tarihinsa da Gelik a 2007, an yi wani littafin nazari da Turanci a 2011, a 2017 kuma Pat Collins ya yi fim a kan rayuwarsa, Song of Granite, wanda bai ɓoye zancen iyalin ba. A Carna ana yin bikin tunawa da shi kowace shekara. Gasar Oireachtas tana nan, kofin Corn Uí Riada shi ne burin kowane mai wannan salo, kuma gidan rediyon Gelik da aka buɗe a Connemara a 1972 yana watsa ta kai tsaye. Yara suna koyon sean-nós a aji, abin da a yarintar Heaney ba a saba yi ba, domin a lokacin ba darasi ba ne, zaman dare ne.

Sai dai yawan masu magana da Gelik a gida kullum, a yankunan da ake kira Gaeltacht, yana ci gaba da raguwa, kuma matasan can da yawa Turanci ya fi zama a bakinsu. Yarinyar da ke koyon waƙar Anach Cuain yau, ko a Galway take ko a Tokyo, akwai yiwuwar ta wayar hannu ta fara jin ta, da muryar Heaney. Kafin ya fara, za ta ji shi yana bayani da Turanci, a hankali, yana gaya wa wasu Amurkawa da ba a ganin fuskarsu abin da ya faru a kan ruwan a ranar.